Kunnen Kawu Tahidu

A ɗakin saƙa ba ma magana da baki. Injuna arba'in da takwas ne jere layi layi, kuma in suka tashi gaba ɗaya, ko uwarka ce ta tsaya gabanka tana kiran sunanka, motsin leɓɓanta kawai za ka gani. Da hannu muke komai. Yatsa biyu a wuyan hannu, ana tambayarka ƙarfe nawa. Tafi a kan ka, sufabaiza na tafe. Babban yatsa a haɓa, yanzu. Da hannu muke gulma, da hannu muke faɗa, har akwai waɗanda suka daidaita maganar aure daga wannan layi zuwa wancan ba tare da wani ya buɗe baki ba. Baƙi in sun leƙo sai su tsaya sororo, su ɗauka wani abu ne ya taɓa mu duka.

Rabin alamun nan Kawu Tahidu ne ya ƙirƙiro su. Ƙanin mahaifiyata ne, makaniken injuna, shekararsa ashirin da shida a masaƙar. Shi ya kawo ni aiki lokacin da na gama sakandare ina zaune a unguwarmu Kanvili, ba abin da nake yi sai cin tuwo da tsokanar maƙwabta. Shi ya koya mini ƙulla zare da hannu ɗaya. In ya ratso tsakanin layuka da sifana a aljihun baya, sai ka ga masu saƙa suna ta ɗaga masa hannu, kowa na so ya fara duba nasa injin.

Ni na fara gane kunnensa ya tafi. Ranar sunan jikarsa ne a unguwar Sabonjida. Wayarsa tana ta kuka a aljihun rigarsa batakari, duk tsakar gida an juyo ana kallonsa, shi kuwa yana ta raba goro yana murmushi. Daga ranar na sa masa ido. In ka gaishe shi ta gaba, zai ce maka "Naa" tun ba ka rufe baki ba, haka ake amsa gaisuwa a nan. In ta baya ne, ko a jikinsa. Mutanen unguwa har sun fara cewa girman kai ya shige shi. A wajen aiki kuwa ba wanda ya lura, don a ɗakin saƙa dukanmu kurame ne daga bakwai na safe zuwa huɗu na yamma. Mu dai muna ajiye namu kurumcin a bakin ƙofa in an tashi, shi kuma yana tafiya da nasa gida.

Bayan saƙa ina da wani aiki da ban roƙa ba aka ɗora mini, wai don na iya rubutu. Takardar labaran ma'aikata ce, shafi biyu kowane wata, Turanci a sama Hausa a ƙasa, a liƙa a allon sanarwa kusa da ɗakin cin abinci. Wa ta haihu, wa ya yi aure, wa ya rasu, 'yan rini sun lallasa 'yan kaɗi a ƙwallo. Sai shafin kiyaye haɗari, wanda Madam Benedicta ke ba ni. Ita ce nas ɗinmu, ita ce kuma mai kula da lafiyar aiki, 'yar kudu, gajeruwa, ba ta iya tafiya a hankali ba, Hausarta kuma ba ta raba mace da namiji.

A farkon damina ta tare ni da takarda a hannu.

"Ajara, ka sa wannan a gaba, ka rubuta shi babba babba. Mun samu injin gwada kunne daga Akra. Kowa zai gwada, har sufabaiza Masta Clifford. Wanda bai ci ba, ba shi shiga ɗakin saƙa kuma. Za mu kai shi sito."

Sito nan ne inda ake jibge dilolin yadi. Shiru kamar maƙabarta, tebur ɗaya, fanka ɗaya, kuma da baki ake magana a can. Da hannuna na buga sanarwar, da hannuna na liƙa ta. Na san a duk masaƙar mutum ɗaya na rubuta wa ita.

Washegari da hutun ƙarfe goma, ina layin mai koko a gindin darbejiya, Kawu ya jawo gefen mayafina. Muka zagaya bayan tankin ruwa. Ya dubi hagu da dama, sannan ya kawo hannuwansa kusa da cikinsa ya fara alama ƙanana ƙanana, yadda muke raɗa in ba ma so na layin gaba ya karanta.

"Kin sani?" ya tambaye ni da hannu.

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

Na ce tun ranar suna. Ya dubi takalminsa. Sai ya manta ya koma baki, muryarsa ta fito da ƙarfi, don shi bai san ƙarfinta ba.

"M bia," ya ce, haka yake kirana tun ina tatata, wato 'yata. "In suka fitar da ni daga ɗakin nan, ina za ni? A gida an daina yi mini hira. A masallaci sai na kalli na kusa da ni kafin in yi ruku'u. Can ciki ne kaɗai in mutum ya yi magana nake amsawa kamar kowa."

Na ɗora yatsa a baki ya rage murya. Tausayinsa ya kama ni. Mutumin da ya riƙe gidanmu bayan rasuwar babana, yau shi ne a bayan tanki yana roƙon 'yar yayarsa. Ban jira ya ƙarasa ba. Ni da kaina na kawo dabarar, kada wani ya ce shi ya sa ni.

Ranar gwaji na ce wa Madam zan ɗauki hoto don takardar wata. Ta yi murna, har ta gyara hularta. Ɗan akwati ne na katako aka kafa a ɗakin shan magani, da kujera a ciki da taga ta gilashi. Mutum zai zauna a sa masa abin kunne, ita kuma tana waje gaban injinta. In ta danna maɓalli, wani ɗan sauti zai shiga kunnen mutum, in ya ji sai ya ɗaga hannu. Shi na ciki ba ya ganin yatsanta. Ni da ke tsaye a bayanta ina gani sarai.

Da aka zo kan Kawu, ya shiga ya zauna kamar mai jiran aski. Na ɗaga waya da hannun hagu kamar mai neman haske. Madam ta danna, na kai babban yatsana haɓa, ya ɗaga hannu. Ta rage sautin ta danna, na taɓa haɓa, ya ɗaga. Abin da ban yi tunani ba shi ne inda ya kamata in tsaya. Ban san injin ba, ban san wane sauti ne mai shekara hamsin da takwas ya kamata ya rasa ba. Ita tana dannawa, ni ina taɓawa, shi yana ɗagawa, har ta kai ƙarshen abin da injin yake iya yi.

Ta cire gilashinta ta dubi takardar, ta sake dubawa.

"Ei! Wofa Tahidu!" ta ce da ya fito, Wofa ɗin kawu ne a yarensu. "Kunnenka ya fi na yara. Shekara ashirin da shida cikin wannan ƙara? Awurade! Ajara, ka ɗauka shi hoto mai kyau. Wannan wata shi ne labarinmu."

Kawu yana kallon bakinta yana dariya, ya ce "Naa, naa, Madam." Ko rabi bai kama ba.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na zauna na rubuta. Madam ta ce a sa masa kai da karin magana, ni kuma na ba ta wadda ta fi kusa da bakina: in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ƙarƙashinta hoton Kawu ne riƙe da abin toshe kunne na roba, wanda sai ranar ya fara taɓa shi. Na rubuta cewa ga sakamakon mai bin doka. Aka liƙa. Mutane suka taru suna karantawa, ana ta dukan kafaɗarsa, ni kuwa na wuce ta gefe kamar ban san da allon ba.

Kwana biyu da liƙawa, Lamisi da ke layin bayana ta zo aiki ba robar kunne. Na yi mata alama, ina abinki? Ta ciro 'yar auduga daga ƙasan injin, ta murza ta cusa a kunne, ta nuna Kawu da ke can nesa.

"Shi auduga yake sawa tun kafin a yaye ni," ta ce da hannu. "Kin ga ya fi kowa ji. Robar nan ƙaiƙayi take sa ni."

Kafin mako ya ƙare na ƙirga mutum biyar a layinmu da auduga a kunne.

Daga nan zama ya gagare ni. Idona ɗaya a kan yadina, ɗaya a kan Kawu. In motar ɗaukar kaya ta shigo da baya tana ƙara, sai in bar injina in leƙa in ga ina yake. In ya sunkuya na daina ganin kansa, gabana ya faɗi. Zare ya tsinke ban gani ba, injin ya saƙa mini kamu uku da rami a tsakiya. Masta Clifford, sufabaizanmu, dogo mai agogo biyu, ɗaya a hannu ɗaya a waya, ya zo ya shimfiɗa yadin a gabana ya yi mini alamar tambaya. Na ce kaina ke ciwo. A gida ma haka, in ɗora tukunya in manta, in fita tsakar gida in dawo ban san abin da na je ɗauka ba. Ina jin haushin Madam da injinta, ina jin haushin Kawu, na fi jin haushin kaina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗaukewar wuta. Da damina, in hadari ya taso, sai a ɗauke mana wuta sau biyu sau uku a mako. Ƙaramin janaretonmu yana riƙe fitilu amma ba ya iya ɗaga injuna. To mu a masaƙar nan muna da al'adarmu. Masu saƙa ba ma kashe injunanmu in wuta ta tafi, muna barin su a kunne don in ta dawo a tashi gaba ɗaya ba ɓata lokaci. Makanikai kuma suna ɗaukar lokacin a matsayin garaɓasa, su shige cikin injuna su ɗaure abin da ya kwance. Doka ta ce kafin mutum ya sa kansa cikin inji sai ya je ya kashe shi ya rataya kwaɗonsa a kan makunnin, makullin yana aljihunsa. Madam ta faɗa har ta gaji. Su kuwa cewa suke, wutar da babu ita za a kulle? In ta dawo, Masta Clifford zai busa jiniya sau uku, kowa ya fito, sannan ya ɗaga babban makunni da ke bakin ƙofa. Fitilu ba sa nuna komai tunda dama a kunne suke. Jiniyar ce kaɗai take gaya wa mutum ya janye kansa.

Na sami Kawu a kan maganar. Na ce don Allah ya riƙa sa kwaɗo.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "In na fara sa kwaɗo yau, bayan shekara ashirin da shida, ba za su tambayi dalili ba? Ina kallon ƙafafun mutane, m bia. In na ga sun fara komawa wurarensu, na san an busa."

"In ba ƙafa a kusa fa?"

"Naawuni yana nan," ya ce, yana nuna sama. Ya ja mini kunne kamar 'yar yaye ya wuce.

Sau uku na je ƙofar ɗakin Madam da niyyar faɗa. Na farko na ce mata maganin ciwon kai na zo karɓa. Na biyu na tarar da mutane. Na uku ta ɗago ta ce, "Ajara, ka rame, lafiya?" Na ce lafiya lau, na juya.

Ranar wata Laraba ce, wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Hadari ya haɗo ta gabas, iska ta fara buga kwanon rufi, sai wuta ta tafi. Injuna suka yi ƙasa da murya suka mutu. Irin shirun nan da ke biyo baya har kunne yake yi wa nauyi. Mutane suka cire abin kunnensu, aka koma magana da baki, wasu suka fita alwala don su yi azahar tun da an samu sarari. Lamisi ma ta fita. Na ga Kawu ya ɗauki akwatin kayansa ya nufi ƙarshen ɗaki, wajen inji na talatin da ɗaya, wanda yake nata. Shi ne na ƙarshe a layin, jikin bango, bayansa dilolin zare.

Na ce bari in yi amfani da lokacin in kai wa Masta Clifford takardar sabon wata ya sa hannu, in dawo in tsaya kusa da Kawu. Na same shi a bakin ƙofa gaban babban makunni, yana duban agogo yana tsaki. Ya karɓa yana karantawa a tsaye, yana gyara mini sunan wani da na rubuta ba daidai ba. Muna cikin haka ƙaramar fitilar da ke jikin makunnin ta koma kore. Ko minti goma wutar ba ta yi da ɗaukewa ba.

"Yawwa, ya dawo," ya ce. Ya miƙo mini takardar ya danna jiniya.

Ta farko. Mutanen da ke kusa suka fara komawa wurarensu. Na miƙa wuya ina duban ƙarshen ɗaki. Taku sittin ne ko fiye, injuna sun tare, ba na ganin komai sai kusurwar akwatinsa a ƙasa.

Ta biyu. Makanikai biyu suka fito daga layi na ɗaya suna goge hannu. Wajen talatin da ɗaya ba kowa. Masu layin duk suna wajen alwala, ba ƙafar da zai gani.

Ta uku.

"Masta, tsaya," na ce. "Kawu yana cikin talatin da ɗaya."

Ya leƙa ta saman kaina. "Ba ni ganin kowa. Ya fita tun da daɗewa, ya bar akwati. Kullum haka shi ke yi."

"Bari in je in duba."

"Cale, abokina, kowane minti muna asara. Jiniya uku ya yi. In shi na ciki da ya fito. Wofa Tahidu fa? Kunnensa ya fi naka, kai da kanka ka rubuta."

Ya ɗora hannu a kan makunnin. Ba na tuna lokacin da na yar da takardar. Na dai ga hannuwana biyu sun riƙe wuyan hannunsa, na rataya da dukan nauyina, shi yana ƙoƙarin fizgewa yana kallona kamar na haukace.

"Ba ya ji!" na ce. "Kurma ne! Bai ji komai ba ranar gwaji, ni na yi masa alama!"

Na saba ihu cikin ƙarar injuna inda ba mai ji. Na manta ɗakin shiru yake. Muryata ta tafi har bangon ƙarshe ta dawo. Duk wanda ke ɗakin ya juyo, masu shigowa daga alwala suka tsaya a ƙofa da ruwa a fuska. Madam Benedicta tana cikinsu, ta zo duba ko lafiya. Masta Clifford ya saki makunnin a hankali.

Ba wanda ya ce a tafi, amma duk muka tafi. Muka bi layin har ƙarshe. Ga shi nan kwance a rigingine, rabin jikinsa cikin injin, kansa da hannunsa na dama daidai ƙarƙashin ƙarfen da ke buga zare. Makunnin injin a kunne, yadda Lamisi ta bar shi. Yana ɗaure wata ƙusa yana ɗan waƙa ta hanci. Lamisi ta dafe ƙirji ta zauna a kan dila.

Madam ta kashe injin da hannunta. Sannan ta ɗaga wa Masta hannu daga nesa, don shi yana nan bakin ƙofa, ya sake busa jiniyar, doguwa, har sai da wasu suka toshe kunne. Mutum fiye da talatin muna tsaye a kansa. Bai daina waƙarsa ba.

Ta sunkuya ta taɓa takalminsa.

Ya zamo waje yana murmushi, giris a goshinsa. Ya ga ƙafafu da yawa, ya ɗaga kai ya ga fuskoki. Murmushin ya tsaya. Ya juya tafin hannu sama, alamar me ya faru. Mutanen da shi ya koya wa magana da hannu, ba ɗaya da ya ɗaga yatsa. Ya bi mu da kallo ɗaya ɗaya har ya zo kaina. Na taɓa kunnena, na nuna jama'ar, sannan na nuna ƙirjina. Ya gane. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa ya sa sifanar a aljihu.

A ranar aka sake gwada shi, ni ina waje a kan benci, an ja labule a tagar. Bai daɗe a ciki ba. Madam ta fito ita kaɗai ta tsaya a kaina. Na ɗauka za ta zage ni, da ma ta zage ni ɗin.

"Ka san abin da ka kusa yi?" ta ce.

Na ce na sani.

"Za ka samu takardar gargaɗi. Shi kuma daga Litinin sito. Za ni rubuta a kai shi asibiti su duba ko abin ji zai taimake shi." Ta cire gilashi ta murza ido. "Kada shi hau keke yau. Ka kai shi gida."

Ruwan ya ɗauke lokacin da muka fito, hanya duk ta jiƙe. Bai yi musu ba. Ya bar kekensa a rumfa ya hau bayan babur ɗina, ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya. Ta bangon masaƙar ana jin injuna sun tashi, sun ci gaba da aikinsu.

Muna hawa kwalta bakina ya buɗe da kansa. Na ce Kawu ka yafe mini. Na ce da na yi shiru da yanzu wanka ake maka. Na ce ni na kawo dabarar tun farko, laifina ne ba naka ba. Na ce da ka sa kwaɗon nan da duk ba a kai ga haka ba, taurin kai gare ka kamar na mahaifiyata. Na yi masa faɗa, na ba shi haƙuri, na sake yi masa faɗa, ina kauce wa ramuka da masu keke-napep, hawaye yana shiga mini baki. Ta gefen kasuwar Aboabo wata mai tumatir ta bi ni da kallo, mace a kan babur tana ta surutu da iska. Ban taɓa gaya masa magana mai yawa haka ba a rayuwata, kuma na iya ne don na san yana bayana.

A ƙofar gidansa na tsaya. Ya sauka a hankali, ya tsaya gefen babur ɗin yana gyara hularsa.

"Tun daga masaƙa kafaɗarki take motsi a hannuna," ya ce da muryar nan tasa mai ƙarfi. "Magana kike ta yi."

Na gyaɗa kai.

"Ban ji ko ɗaya ba."

Na kashe babur, na juyo sosai yadda zai ga bakina, na ɗaga hannuwana don in fara daga farko. Bai bari na fara ba.

"Gobe ki gaya wa Masta, ban gama ɗaure ƙusar talatin da ɗaya ba. Saura juyi biyu. Kada Lamisi ta tayar da shi haka."

Sai ya juya mini baya. Ya san sarai in ya juya ba ni da sauran hanyar da zan kai gare shi. Na kira shi, Kawu, Kawu, har wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ya cire takalminsa a bakin zaure, ya jera su, ya shiga.